Maganin Kububuwa da Takwarar 'Yar Tasalla

To, ku gyara zama. Mai waya a hannu ya kifa ta a cinya tukuna. Abin da zan ba ku ba tatsuniyar gizo ba ce, a idona aka yi shi, kuma in na kai ƙarshe ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke.

A kwarin kogi, can kudu da Gombe, akwai wata haɗaka ta ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani, wasu na al'umma, wasu na mishan, wasu na masu zaman kansu. Haɗakar Asibitocin Kwari ake ce mata, ni ne kuma sakatarenta a lokacin. Ƙasar tana da albarka, ga shinkafa, ga gyaɗa, ga masara, amma tana da maciji. Kububuwa, wadda mutanen wajen ke kira gobe-da-nisa, ita ta fi ɓarna. Ba ta da girma, launinta launin ƙasa, tana kwanciya ƙarƙashin tarin gyaɗa ko kara. In ta sari mutum jininsa sai ya daina daskarewa, ya riƙa tsattsafowa ta dasashi, ta hanci, ta tsohon tabo, har ya ƙarasa zuba a ciki.

Maganin yana nan, allura ce a 'yar kwalba. Sai dai ba ta da yawa, tana son sanyin firji, kuma tana da ranar lalacewa. Don haka ba kowane ɗakin magani ke da ita ba, wanda ke da ita yau ma ba lallai ya kai jibi da ita ba. Yadda muke yi a da, in an kawo wanda maciji ya sara, sai ma'aikaci ya hau kiran waya. Wannan asibiti ya ce babu, wancan wayarsa a kashe, wani ya ce akwai. A ɗora mara lafiya a babur, a sha tafiya, a isa a tarar an yi wa wani allurar tun da safe. Mutane da yawa sun cika a kan hanya tsakanin asibiti da asibiti, alhali maganin yana kwance a firjin wani ƙauye da ba wanda ya tuna da shi.

Shi ya sa shugabannin haɗakar suka yanke shawarar a yi manhaja guda da za ta haɗa asibitocin gaba ɗaya ta intanet. Magunguna, jini, jadawalin ma'aikata, bayanan majinyata, komai a wuri ɗaya, kowa ya ga abin da ke firjin ɗan'uwansa. Kamfanoni suka zo da tayinsu. Wani babba daga nesa ya kawo tasa a gama, kyakkyawa, amma a kulle: ba mai ganin cikinta, ba mai taɓa ta sai su, in ta sami matsala sai a aika musu a zauna jira. Cikin masu tayin akwai wasu mata uku, ƙawayen juna tun daga jami'a, inda suka karanci ilimin kwamfuta. Sun kama wani ɗaki a saman bene cikin garin Gombe suna 'yan ayyukansu. Sunayensu Barira, da Rahila, da Shafa'atu. Su aka ba aikin a ƙarshe, kuma kowacce da ɓangaren da ta riƙe.

Bari in fara da Barira, don ita ce magina. Doguwa ce, mai kaifin baki, ba ta iya lallashi ba.

Manhaja irin wannan tana da fuska, tana da ciki. Fuskar ita ce shafin da ma'aikaci ke gani a wayarsa ko a kwamfuta. Cikin kuwa yana zaune a wata babbar na'ura da suke kira saba. A can ake tara bayanai, a can ake yanke abin da za a nuna wa wane da abin da za a ɓoye masa. Wannan cikin shi Barira ta gina. Ba daga ƙasa ta faro ba. Akwai abin da masu sana'ar ke kira firam, wato kamar gini ne da wasu suka riga suka zuba wa harsashi suka ta da ginshiƙai, suka bar wa mai so ya yanka ɗakuna yadda ya ga dama. Wanda ta zaɓa buɗaɗɗe ne. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta shi, suka bar shi a fili, kowa na iya ɗauka, ya karanta cikinsa, ya gyara, ya mayar.

A kan wannan zaɓi aka kai ruwa rana a taron shugabanni. Dakta Gidado, wanda shi ne shugaban haɗakar, ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Malama, abin da kowa ke iya leƙawa, ai ɓarawo ma zai leƙa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tsarin ginin ne a fili, ba bayanan majinyata ba. Su suna kulle, makullin yana hannunku. Kuma ranar da abin ya lalace, a nan Gombe za a buɗe shi a gyara, ba sai an jira wani ya farka a wata ƙasa ba."

Da ƙyar ta shawo kansu. Ta shiga aiki, ta tsara rumbun bayanai, ta rubuta ƙa'idojin da manhajar za ta bi. Ta yi nisa ƙwarai sai ta gano tsarin da ta fara yana da ɓaraka: in asibitoci biyu suka nemi magani a lokaci guda, manhajar na iya tura su duka ga kwalba ɗaya. Ƙawayenta suka ce a liƙe wurin a wuce, tunda abu ne da ba kasafai zai faru ba. Ta ƙi. Ta rushe aikin watanni ta sake ɗorawa, ta yadda da zarar manhajar ta samo wa mutum kwalba, za ta riƙe masa ita da sunansa, ta sanar da mai firjin kada ya ba kowa. Ta kuma sa wata ƙa'ida, cewa ba a auna kusa da nesa da ido a kan taswira, sai da hanyar da babur zai iya bi a ranar. In gada ta karye ko rafi ya kawo, ma'aikaci ya shigar, manhajar ta daina lissafi da wannan hanya. Ana cikin haka aka yi mata tayin aiki a Legas, irin wanda 'yan ajinsu ke mafarki. Ta ce ba za ta bar gini ba rufi ba, ta zauna.

Wannan aikin Barira ke nan.

Ta biyu Rahila, 'yar wajen Billiri, gajera mai yawan dariya, wadda ba ta iya zaman ofis. Ita aka ba fuskar manhajar da koyar da ma'aikata. Ta yi shafuka masu kyau, ta ɗauki jakarta ta shiga ƙauyuka. Nan ta ga abin da ba a gani daga saman bene. A garuruwa shafin yana buɗewa lafiya. A ƙauyukan da macijin ya fi yawa kuwa sabis ɗin bai kai ya ɗauki intanet ba, sai mutum ya hau tudu ko ya tsaya gindin wata bishiya da aka sani. Abin da ke fita kawai shi ne kira da ɗan gajeren saƙon tes.

Ta dawo ta ce sai an yi wa manhajar kunne na biyu, ta riƙa jin saƙon tes kamar yadda take jin shafi. Ta samo wani ɓangare, shi ma buɗaɗɗe, da wasu suka rubuta don haɗa saƙon waya da saba, ta ɗora shi a kan ginin Barira. Aka gwada, ya yi. Aka raba wa ma'aikata lambar, aka koya musu yadda za su rubuta: sunan ƙauye, abin da ake nema, yawan da ake so.

Bayan ɗan lokaci ta lura wasu ƙauyuka ba a taɓa jin ɗuriyarsu ba. Aka ce mata ƙila ma'aikatan can ne ba su da himma. Ba ta yarda ba. Ta hau babur ta je ɗaya daga cikinsu, Ɗorawar Ƙosau, ta tsaya a kan ma'aikacin wurin, Malam Bitrus, ya rubuta saƙo a gabanta ya tura. Wayarsa ta nuna ya tafi. Ta kira ofis, aka ce bai iso ba. Ta sa ya sake, haka. Ta karɓi wayar ta rubuta sunan garin ba ƙugiya, Dorawar Kosau, nan take ya isa.

Ashe ɓangaren nan da ta ɗauko bai san haruffanmu masu ƙugiya ba. Da ya ci karo da ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya rikice ya yar da saƙon gaba ɗaya, bai kuma ce wa kowa komai ba. Hanya mai sauƙi ita ce a gaya wa ma'aikata su daina sa ƙugiya. Rahila ta ce mutumin da aka kawo wa majinyaci jini na zuba ba zai tsaya tuna wannan ba, kuma wayoyin yanzu su da kansu suke gyara wa mutum rubutu su sa masa ƙugiyar. Tunda abin a buɗe yake, ta shiga cikinsa. Rubutun wasu ne, mai yawa, ba ta san kansa ba. Ta daɗe tana bin sa layi-layi kafin ta kai ga inda matsalar take. Gyaran kansa bai wuce 'yan layuka ba. Ta aika wa masu kula da ɓangaren a can ƙasashen waje. Suka mayar mata suka ce ta kawo hujja, ta kawo. Suka ce ta sake tsara shi yadda suke so, ta sake. A ƙarshe suka karɓa suka zuba shi cikin na kowa, ta yadda duk mai rubutu da irin waɗannan haruffa a ko'ina ya huta, mu ma kuma duk sabon zubin da za mu ɗauko gyaran yana ciki.

Wannan aikin Rahila ke nan.

Ta uku Shafa'atu. Ita ba ta da yawan magana, in ana taro ma a can gefe take zama. Aikinta shi ne wanda ba a ganinsa sai ranar da babu shi: kula da sabar, sabunta ta, toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, da ajiye kwafin komai. Babbar sabar tana zaune a wani gini da muka yi haya a cikin gari, a ɗakin ƙasa, wurin da ke da wuta da sanyi. Shafa'atu ta ce guda ɗaya ba ta isa ba. Ta nemi a ba ta ta biyu, shugabanni suka ce almubazzaranci ne. Sai ta tattara wata tsohuwar na'ura da aka jingine a sito, ta gyara ta, ta kafa ta a ɗakinsu na saman bene, ta haɗa mata sola da batir. Ta sa duk abin da aka rubuta a babbar ya riƙa kwararowa cikin wannan nan take. Ta kuma shirya yadda saƙonnin tes za su tsaya a layi su jira in ba sabar da za ta amsa su, maimakon su ɓace. Sannan ta ɗaura wa wayarta wata ƙararrawa da ke kuka da zarar babbar ta yi shiru.

Abu ɗaya ta ƙi yi. Ba ta bar ƙaramar ta karɓi ragama da kanta ba. Ta ce in sabis ya ɗan yanke, kowace na'ura ta zaci ɗayar ta mutu, su biyun za su kama ba da umarni, a raba kwalba ɗaya ga mutum biyu. Gara mutum ya tabbatar da idonsa, ya miƙa ragamar da hannunsa. Duk wata takan kashe babbar da gangan ta gwada ta da ƙaramar, har Barira na mata tsiya wai tana wasa da wuta.

Wannan aikin Shafa'atu ke nan, kafin ranar da zan ba ku labari.

A Ɗorawar Ƙosau akwai wani manomi, Tanimu, da matarsa Tasalla. Sun daɗe da aure, ta yi ɓari har sau biyu, sai ga ciki ya zauna ya tsufa. Ƙarshen damina ne, lokacin cirar gyaɗa, an kwana biyu ana tafka ruwa. Da hantsi ruwan ya ɗan tsagaita, Tasalla ta fita bayan gida ta ɗaga tarin gyaɗar da suka ciro don kada ta ruɓe. Ta sa hannu ƙarƙashi, kububuwa ta sare ta a tsintsiyar hannu.

Tanimu ya ɗauke ta a amalanke zuwa ɗakin magani. Malam Bitrus ya ɗebi jininta a kwalba ya ajiye, ya jira, jinin ya ƙi daskarewa. Ya duba bakinta, dasashi ya fara ja. Firjinsa babu allurar. Ya ɗauki waya ya rubuta saƙo, ya sa sunan garin kamar yadda hannunsa ya saba, da ƙugiyoyinsa biyu, ya ƙara da cewa mai ciki ce. Saƙon ya fita, ya isa, an karanta shi daidai, ya shiga layi. Amma amsa ba ta zo ba. A daidai lokacin ruwa ya ɓalle a Gombe, ya shiga ɗakin ƙasan nan, wuta ta yi tartsatsi, babbar sabar ta mutu.

Shafa'atu tana gidansu, ranar ƙunshin bikin ƙanwarta ce. An zana mata lalle hannu da ƙafa, bai ko sha iska ba, wayarta ta kama kuka. Ta kira mai gadin ginin, ya ce ruwa ya kai masa gwiwa a ɗakin. Ta gwada shiga ƙaramar sabar daga inda take, intanet ɗin unguwar ya ɗauke. Ta miƙe.

Mahaifiyarta ta ce, "Ina za ki cikin wannan ruwa? Kwarin nan ya kawo, ko jiya ya ci mutum."

Ta ce, "Inna, cirar gyaɗa ake yi. Ba ranar da ba a sarar wani."

Ba ta san da wata Tasalla a duniya ba. Ba abin hawa da ke ƙetare kwarin da ya raba unguwarsu da ofis. Ta bi ta sama inda ya fi faɗi, ta ɗora jakar kwamfutarta a ka, ta shiga ruwa har ƙirji, wasu masu shago suka miƙa mata gora ta kama ta fita. Ta hau benen jiƙe sharkaf, lallen ya dame ya ɓata mata hannu har gwiwa. Ta tabbatar babbar ta mutu da gaske, ta miƙa wa ƙaramar ragama, ta juyo da layin saƙonni kanta, ta ce a karanto duk waɗanda ke jira. Na Malam Bitrus yana ciki.

Daga nan ƙa'idojin Barira suka kama aiki. Asibitin da ya fi kusa da Ɗorawar Ƙosau yana tsallaken rafi, yana kuma da allurar. A da can za a nufa, Tanimu ma har ya fara neman mai babur da zai kai su. Amma tun jiya wani ma'aikaci ya shigar cewa ruwa ya cinye gadar. Manhajar ta tsallake wurin, ta samo allurar a Tudun Giginya, mai nisa amma a wannan gaɓar. Ta riƙe kwalaben da sunan Tasalla. A Tudun Giginya kuwa an riga an zuba su cikin akwatin ƙanƙara, motar haɗaka na tsaye a ƙofa za ta kwashe su zuwa wani yanki. Saƙon riƙewa ya shigo wayar mai kula da firjin, ta buɗe akwatin ta ciro su. Manhajar ta kuma ga majinyaciyar mai ciki ce, ta ce kada a jira maganin ya zo ƙauye, kada kuma a kai ta har Tudun Giginya. A haɗu a tsakiya, a asibitin Mararraba, inda akwai likita da ungozoma da jini.

Haka aka yi. Babur biyu suka taso daga gabas da yamma. Lokacin da aka shiga da Tasalla jini ya fara zubo mata ta ƙasa, idonta ya juya. Aka ɗaura mata allurar, aka ƙara mata jini. Kafin la'asar jinin da aka ɗiba ya fara kamawa a kwalba. Likitan ya gaya mini daga baya cewa da an ƙara ɓata lokaci kaɗan, da uwa da ɗa ba wanda zai fita. Ta yi jinya ta warke, cikin bai faɗi ba. Da kaka ta yi, ta haifi 'ya mace, lafiyayya.

Ana sauran kwana kaɗan suna sai ga Tanimu a ofishina, da kwandon ƙwan zabi a hannu. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, muka gaisa.

Ya ce, "Yallaɓai, Malam Bitrus na kai masa buhun gyaɗa, masu babur ma na sallame su, likita na je na yi godiya. Su duka maza ne, ni kuwa mace aka ba ni. Malam Bitrus ya ce mini wata mace ce ta yi abin nan na cikin waya da ya nemo maganin. Sunanta nake so, zan yi mata takwara."

Na ce masa ba ɗaya ba ce, su uku ne. Na kuma gaya masa bayansu akwai ɗaruruwan mutane a ƙasashen duniya da suka rubuta kayan da aka yi ginin da su, ba wanda ya san fuskarsu.

Ya ce, "Waɗannan Allah ya saka musu, ban san inda zan same su ba. Ukun nan dai. Amma yallaɓai, suna ɗaya liman ke raɗawa. In na jera mata uku, ba wadda na girmama."

Na aika aka kira su. Suka zo, suka zauna, na faɗa musu abin da ya kawo shi. Na zaci za su shiga tura wa juna, kowacce ta ce a ba 'yar'uwarta. Ba haka aka yi ba. Aikin ya ci musu shekaru, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce musu sannu, yau ga mutum ya zo da abin da ya fi lambar yabo.

Barira ta fara. Ta ce, "Malam Tanimu, ba zan yi maka kara ba. Saƙo ya iso, na'ura ta tashi, to sai me? Da ba ƙa'idar hanya, da bakin karyayyar gada za ku je ku tsaya. Da ba ƙa'idar riƙewa, da mota ta tafi da maganin. Kuma da na yarda an sayi ta kulle, da ba abin da Rahila za ta iya buɗewa ta gyara, ba abin da Shafa'atu za ta iya kwafa ta ajiye."

Rahila ta yi dariya ta ce, "Ƙawata, gidanki ya ginu, amma kurma ne a wajen mutanen Ɗorawar Ƙosau. Da ban je na tsaya a kan Malam Bitrus ba, da saƙon nan ya faɗi a hanya kamar na baya, ba wanda zai san an turo shi. Shafa'atu za ta ta da na'urarta ta tarar ba komai a layi."

Aka juyo kan Shafa'atu. Sannan ta ce, "Duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Amma a ranar, ginin Barira da gyaran Rahila suna ƙarƙashin ruwa. Ni na san da me na ƙetare kwarin nan."

Dakta Gidado da wasu shugabanni suna wurin, su ma suka rabu. Masu sukar Barira suka ce a kan ginshiƙan wasu ta ɗora, kuma a ranar tana Abuja wajen taro, ba ta ma ji labari ba sai da komai ya wuce. Masu goyon bayanta suka ce magini ba sai yana tsaye a gida rufinsa ke tare ruwa ba, kuma ita ce ta bar aikin Legas. Masu sukar Rahila suka ce gyaranta 'yan layuka ne, kuma ɓangaren da ya yi ɓarnar ita ta ɗauko shi da hannunta. Masu goyon bayanta suka ce da ba ta ɗauko shi ba ai ƙauyen ba shi da baki ko kaɗan, kuma ita kaɗai ce ta ƙi yarda da cewa ma'aikata ne ba su da himma. Masu sukar Shafa'atu suka ce aikinta ne ta yi, kuma da ta bar ƙaramar na'urar ta karɓi ragama da kanta, da ba a yi jinkirin da aka yi ba. Masu goyon bayanta suka ce ba wanda ya sa ta kafa na'urar, hana ta ma aka yi, kuma cikin ukun ita kaɗai ta sa ranta a ruwa.

Tanimu ya saurare su duka, kansa a ƙasa. Da suka gama ya ciro wayarsa ya kira gida, aka miƙa wa Tasalla, ya sa ta a fili kowa na ji. Ya kwashe yadda aka yi ya gaya mata, ya ce ita ta sha wahalar, ta zaɓa.

Muka ji kukan jaririyar kusa da wayar. Tasalla ta ce, "Malam, ni ban ga ko ɗayarsu ba, idona a rufe yake. Ka sa mata sunan wadda in ba don ita ba, da yanzu ina kabari."

Ya kashe wayar, ya dubi Barira, ya dubi Rahila, ya dubi Shafa'atu. Ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ya sa takalminsa ya fita bai faɗi wadda ya zaɓa ba. A gida rago na ɗaure, an raba goro, an gaya wa wanzami, liman kuma zai sunkuyo ranar suna da safe ya tambaye shi sunan a kunne.

Abin da ya raɗa wa liman na sani, don na je sunan. Amma ba nawa bakin za ku fara ji ba. Ga wadda ta gina, ga wadda ta buɗe wa ƙauyen baki, ga wadda ta shiga ruwa ta ta da abin bayan ya mutu. To, ku da ke zaune nan, da ku ne Tanimu, wace ce a cikin ukun nan ta fi cancanta yarinyar ta ci sunanta?